Rijiyar da Ordinata Ta Ce Za Ta Ƙafe

Shekara huɗu na yi a jami'a ban samu hanyar fahimtar da mutanen gidanmu abin da nake karantawa ba. Da likitanci ne da kowa ya huta, a kawo mini ciwon ƙugu in ce a sha magani. Ni kuwa sai na kwaso wani reshen lissafi da ake gina kwaikwayon abu da lambobi a cikin ordinata, wato kwamfuta, ko kogi ne, ko annoba, ko garken awaki, sannan a tambayi kwaikwayon abin da zai faru nan gaba. Ranar da na yi wa Inna wannan bayani tana tankaɗe a tsakar gida, ta saurare ni har ƙarshe, ta kaɗa rariya.

"To, arwa ta," in ji ta. "Kakanninku ma sun yi. Su bisa ƙasa sunka yi tasu, ba su biɗi lantarki ba."

Na yi fushi har na ƙi cin tuwon da aka yi da garin. Ina da saurin fushi, gado ne, kuma ba daga wajen Inna na ɗauko ba.

Garinmu yana cikin kwari tsakanin Madawa da Buza, kuma albasa ce ke riƙe da shi. Yayyena maza biyu sukan zo da damina su noma gonar hatsi, da an ɗaure damma su rataya jaka su tafi ci-rani. Garka kuwa, wato lambun albasa na rani, ta Baba ce shi kaɗai. Shi ya haƙa rijiyarta, shi ke yafa iri, shi ke dashe, shi ke jan igiyar motopompu, injin ban-ruwa, kowace safiya. Tun kafin a haife ni rani bai taɓa wucewa garkar tana fako ba, kuma Baba bai yarda kowa ya manta da hakan ba. In ana taɗi a ƙofar masallaci aka zo kan wanda ya gaza, Baba ne ke fara gyaran murya. Mutuncinsa a garin yana cikin fangulan albasar nan, shi ya sani, mu ma mun sani.

Da muka kai shekarar rubuta memuwar, wato littafin da ɗalibi ke karewa gaban malamai kafin a ba shi digiri, malaminmu ya ce kowa ya nemo abu na gaske ya auna. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, wani siririn mutum mai tabarau wanda ke son lambobi fiye da mutane, kuma ba ya ɓoyewa. Ƴan ajinmu suka ruga intanet suna kwaso lambobin ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Ni na ɗaga hannu na ce ina da rijiya. Na faɗi haka ne da irin muryar da Baba ke yi a ƙofar masallaci.

Da na je hutu na kai wa Baba metir na awo. Ya juya shi, ya miƙa wa Inna, ya ce ta riƙa auna zane. Shi da gaba ya haƙa rijiya uku, wato faɗin hannuwansa biyu in ya buɗe su, kuma da gaba zai auna, in ban so in nemi wani uban. Ban damu ba, don an koya mana maganin wannan. Na tsayar da shi jikin bangon zaure, ya ware hannuwa yana ta harare-harare kada wani ya shigo ya gan shi haka, na sa gawayi na yi alama a ƙarshen yatsunsa, na auna tsakani. Da na koma jami'a na shigar da lambar cikin programu, na rubuta a gefenta cewa wannan ba ya canzawa.

Tsarin mai sauƙi ne. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, Baba zai ɗaura dutse a igiya ya zura cikin rijiya har ya ji ya taɓa ruwa, ya jawo, ya auna igiyar da gabansa, ya kira ni a salula. Bai taɓa tsallake mako ba.

"Uwata, gaba huɗu da kamu guda," haka ya fara. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Yana gama faɗin lambar yake kashewa, gaisuwa sai Inna ta karɓi wayar.

Ni kuma ina can ɗakin ordinatoci ina fama. Kwaikwayon rijiya kamar randa ne: ga ruwan da sama ke zubawa, ga wanda ke tsatsowa ta ƙarƙashin ƙasa, ga wanda motopompu ke kwashewa, sai ka rubuta yadda kowanne ke tafiya da lokaci. Faɗi ke da sauƙi. Na taɓa yin kwana uku ina neman abin da ya hana programu tashi, na zagi ordinatar, na zagi wanda ya ƙera ta, ashe waƙafi ɗaya na manta. Wata rana kuma ta tashi lafiya ta sanar da ni cewa ruwan rijiyarmu yana sama da kan dabino. Ƴar ɗakinmu, wadda ke karatun tarihi, ta ce ita dai nata mutanen sun riga sun mutu, ba sa ba ta irin wannan wahala.

Lambobin Baba suka riƙa hawa a hankali. Gaba huɗu da rabi, gaba biyar saura kamu, gaba biyar. Yawan gaba yana nufin ruwa ya yi nisa, kuma da rani wannan ba abin mamaki ba ne. Abin mamaki ya zo da damina. An yi ruwa mai kyau a shekarar, ƙorama ta kawo har ta hana mutane zuwa kasuwa, amma igiyar Baba ta ƙi raguwa. Ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba da hawa. Kwaikwayona ya ce ruwa ya kamata ya taso, Baba ya ce ruwa yana sauka.

Akwai abin da ɗalibin wannan fanni ke yi in kwaikwayo ya ƙi yarda da duniya, kuma ba a cika faɗinsa a fili ba. Sai ya ƙara masa wani abu. Ni na ƙara yoyo. Na ce akwai wata ɓoyayyiyar hanya a ƙarƙashin kwarin da ruwa ke zurarewa, na ba ta harafi, na yi ta murɗa girmanta har layin ordinata ya hau kan lambobin Baba ya zauna daram. Da na nuna wa Mushe, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce bai taɓa ganin lambobin ƙauye masu ladabi irin waɗannan ba. Ya ce mai yiwuwa na gano wani abu da ya shafi kwarin gaba ɗaya. Ranar ban taka ƙasa ba, har ƴar ɗakinmu ta tambaye ni ko miji na samu.

Sai muka tura layin gaba, don mu ga inda za shi. Zurfin rijiyar Baba gaba shida ne tun ranar da ya haƙa ta. Layin ya kai gaba shida a tsakiyar watan biyu na Nasara, lokacin da albasa ke fara kai, lokacin da ta fi bukatar ruwa. Ma'ana, in Baba ya dasa a bana, zai tsaya yana kallon garkarsa tana ƙonewa.

Na yi kuka kafin in kira shi, don na san abin da zan ɗauke masa. Na shirya zai yi faɗa, ya ce boko ya ɓata ni. Na yi masa bayani dalla-dalla yana saurare.

"Ordinatar tac ce haka?"

"Ita ta ce, Baba."

"To. Allah shi yi miki albarka. Bana ba mu dasawa."

Muryarsa ta fito sakayau, har na ji kamar ya sauke kaya. Na ce a raina wannan shi ne tawakkali, na ƙara jin girmansa.

Kafin mako ya zagayo duk garin ya ji. Baba da kansa ya riƙa bin majalisa yana sanarwa cewa ɗiyarsa ta duba a ordinata, rijiya za ta ƙafe. Inna ta ce bai taɓa yin alfahari da karatuna kamar a wannan lokacin ba. Aka fara kirana daga gida. Wata gwaggona ta ce tunda abin yana gani har ƙarƙashin ƙasa, in duba mata inda tunkiyarta ta shiga.

Da watan goma sha biyu ya kama, Mushe ya ce kafin in tsaya gaban malamai sai na je na tabbatar da idona. Ya ranta mini wani dogon metir na ma'aikatan ruwa, mai ƙarfe a baki, wanda ke yin ƙara da zarar ya taɓa ruwa. Na hau mota zuwa Madawa, daga nan kabu-kabu ya kai ni gida. Muna gangarowa kwari na ga garake sun yi kore shar, kowa ya yi dashe ko yana cikin yi. Ta Baba kaɗai ce fako a tsakiyarsu, busasshiyar ciyawa da kashin awaki. Na ji haushin maƙwabta da suka ƙi jin gargaɗin kimiyya, na ce za su gani.

Washegari da hantsi muka tafi rijiya ni da Baba. Na zura metir ina kallon lambobi, ina jiran su kai inda ordinata ta ce. Tun ban je ko'ina ba abin ya yi ƙara. Na jawo, na goge bakin, na sake zurawa. Ya sake yin ƙara a wuri guda. Na yi sau uku, na ce kayan gwamnati ne, dama ba a gyara su. Sannan na leƙa. Ga ruwa nan kusa, yana nuna mini fuskata da ɗankwalina. Bisa lambar da na auna a bangon zaure, ruwan yana gaba huɗu da ɗan wani abu, inda yake tun bara.

"Baba, auna mini da igiya in gani."

"Yau ba Juma'a ba ta."

"Ko Talata ce, auna."

Ya daɗe yana kwance dutsen yana sake ɗaurawa. Ya zura, ya jawo, ya kama igiyar zai ware hannuwa. Na hagu ya miƙe sosai kamar yadda na san shi. Na dama ya taso kaɗan daga jikinsa ya tsaya, gwiwar hannun a lanƙwashe, na ga ya cije leɓe. Ya saki, ya sake kamawa, ya ci gaba da ƙirga a haka.

"Biyar da rabi da kamu," ya ce, bai dube ni ba.

Kafaɗarsa ce ta riƙe. Ta fara tun bara da ɗan ciwo, tana ƙara sanƙarewa wata bayan wata, gabansa yana gajarcewa, lambobina suna hawa da ladabin da ya burge Mushe. Shekara guda ina zaune gaban ordinata ina kwaikwayon kafaɗar ubana, har na ba ta harafi na ce yoyo ce a ƙarƙashin ƙasa.

Fushi ne ya fara zuwa, kamar kullum. Na ce ya san ruwan bai sauka ba, yana ganinsa da idonsa kowace Juma'a, ya bar ni ina shirin tsayawa gaban malamai da shirme.

"Ban yi miki ƙarya ba," in ji shi. "Kin ce in auna da gabana. Abin da nig gani shi nih hwaɗa miki."

"To me ya sa da na ce za ta ƙafe ba ka ce a'a ba?"

Ya zauna a bakin rijiyar, ya ɗora hannun a cinya. Ya ce tun kaka ya gwada jan igiyar motopompu ya kasa. Riga ma Inna ke sa masa, kuma ya hana ta gaya wa kowa, har ni. Yana ta tunanin abin da zai ce wa mutane in lokacin dashe ya zo, sai ga wayata.

"Nac ce Allah ya kawo min mahita ta hannun ɗiyata."

Fushin ya tafi ya bar ni da kunya da tausayi. Wannan mutum ya kira ni kowace Juma'a shekara guda, ban taɓa tambayarsa jikinsa ba, lamba kawai nake karɓa in ce na gode.

Ya tafi gida, ni na tsaya ina naɗe metir. Sai ga Kawu ya tsallako shinge. Taubashin Baba ne, garkarsa na jikin tamu, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba. Na ce masa zan je in gaya wa mutane rijiya lafiyarta lau, kuskure ne.

"Wa yac ce miki ba mu sani ba? Ƙasa guda, ruwa guda, tamu ba ta sauka ba sai ta ubanki? Kuma sahu guda muke da shi. Wata nawa ba ya kai hannu ga kunne wurin kabbara. Kowa ya gani, kowa ya yi shiru."

"To sai a bar garkar haka?"

"In kinka ce rijiya lahiya lau, mi za shi ce ma mutane? In munka ce mun zo taimako, kora tamu za shi yi, kin san halin abinku." Ya nuna mini wani fangali a garkarsa cike da irin albasa da ya isa dashe. Ya ce wai hannunsa ne ya zarce wajen yafawa, ya yi ninki biyu. "Ke dai ki tsaya kan maganarki. Kak ki sassauta ko kaɗan. Sauran ki bar min."

Da la'asar, bayan salla, Kawu ya tare Baba gaban jama'a. An aiko aka kira ni, na zo da ordinata a hammata na tsaya daga gefe. Kawu ya ce shi bai yarda da wannan akwatin ba, ƙarya take yi, kuma yana son ya kunyata ta kowa ya gani. A ba shi aron garkar, su dasa, su ga ko rijiyar za ta ƙafe.

Aka juyo ana kallona. Na buɗe ordinatar, na nuna musu layin da na san shirme ne, na bi shi da yatsa har inda ya faɗi. Na ce lissafi ba ya ƙarya. Na ce tsakiyar watan biyu za su zo su ba ni haƙuri. Na kawo kalmomin Faransanci waɗanda ko Mushe sai ya yi tunani, wani tsoho yana gyaɗa kai yana cewa yarinya ta yi nisa. Ban taɓa kare wani aiki nawa da ƙarfi irin na ranar ba.

Baba ya dubi Kawu, ya dube ni. Ya san na sani, kuma ina jin ya gane sauran.

"Ku dasa," ya ce. "Ni dai na hwaɗa muku. In ta ƙahe kak wanda ya zo min da kuka."

Kwana biyu bayan haka mutum goma sha wani abu suka shiga garkar da sassafe. Aka share, aka ja fangula, aka tayar da motopompu, mata suka kawo fura. Baba yana tsaye a bakin rijiya yana ba da umarni, yana cewa layin Kawu ya karkace kamar mai shi. Duk wanda ya gaji sai ya ɗago ya tambaye ni ko akwatin ya canza magana, in ce bai canza ba. Aka kuma yanke cewa kowace safiya wani zai zo ya ja igiyar injin da hannunsa, wai don kada ordinata ta sami hujjar cewa ba a yi ban-ruwa daidai ba. Buɗe hanyar ruwa daga fangali zuwa fangali kuwa aka bar wa Baba, tunda shi ya san garkarsa, kuma hannu ɗaya ya isa wannan.

Kafin in koma na kai shi likita a Madawa, muka ce wa mutane rakiya ya yi mini zuwa tasha. Muna zaune a benci muna jiran layi ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Uwata, na ɓata miki karatu." Na ce bai ɓata ba. Ya ɓata mana, wata shida ya ƙara mini, amma ba ranar faɗin haka ba ce.

Na gaya wa Mushe gaskiya duka. Ya yi dariya har ya kifa kai a tebur, sannan ya sa na cire yoyon, na sake aikin daga tushe da awon metir, na ƙara babi guda kan yadda ma'auni ke canzawa a hannun mai awo. A babin na rubuta "wani manomi".

Rijiyar ba ta ƙafe ba. Watan biyu ya zo ya wuce, albasa ta yi kai, aka cire, aka cika rudu, rumbun ajiyar albasa. Baba ya bi majalisa yana cewa shi ma abin ya ba shi mamaki, amma yarinya ce, tana koyo, kada a matsa mata. Yanzu ina aiki a fannin da na karanta, mutane masu mota suna tambayata ra'ayi, amma a garinmu ni ce wadda akwatinta ya yi ƙarya. In na sauka daga kabu-kabu sai wani ya ɗaga murya daga garka ya tambaye ni yaushe rijiya za ta ƙafe. Nakan ce su ƙara haƙuri, lissafin yana nan tafe. Suna dariya, Baba yana taya su, kuma tasa ta fi ta kowa ƙarfi.